Siffofin Alminiyam da Tasirinsu a Ƙirar Oda: Daga Maƙerar Zubi zuwa Shagon Tagogi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin siffofin alminiyam da yadda kowace siffa take juya hannun maƙeri a ƙirar oda, wato aikin ƙarfe da ake yi gwargwadon awo da buƙatar mai saye. An bi asalin ƙarfen da hanyar tace shi, sannan aka dubi nauyinsa da narkewarsa da fatar da ke kare shi daga tsatsa da kuma gaurayensa. Daga nan aka nazarci fannoni biyu na sana'ar: zubin tukwane daga tarkacen ƙarafa, da harhaɗa tagogi da ƙofofi. Maƙalar ta nuna cewa siffofin da suka sauƙaƙa sarrafa ƙarfen su ne kuma ke buɗe ƙofar haɗari, musamman shigar gubar dalma cikin abinci.

Fitilun kalmomi: alminiyam, ƙira, zubi, walda, dalma

1.0 Gabatarwa

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wajen Hausawa, kuma sun kasa ta gida biyu: ƙirar baƙi, mai samar da fartanya da garma da wuƙa, da ƙirar fari, mai sarrafa azurfa da tagulla domin ado. Alminiyam baƙo ne a gidajen biyu, domin bai shigo hannun maƙeran Afirka ta Yamma da yawa ba sai a ƙarni na 20. Duk da haka, a yau da wuya a shiga gida a Nima ta Ankara ko Birkitari ta Yawunde ko wata unguwa a Yamai a rasa tukunya ko ludayi ko buta ko taga da aka yi da shi.

Akwai ruɗanin suna da ya kamata a warware tun da fari. Wasu na kiran wannan ƙarfe goran ruwa, wasu sanholo, a kasuwa kuwa an fi jin "tukunyar dalma". Amma dalma a asalin ma'anarta wani ƙarfe ne daban, mai nauyi da laushi da guba, wanda ake samu a cikin batirin mota. A wannan maƙala, "alminiyam" na nufin farin ƙarfe marar nauyi, "dalma" kuma na nufin wancan mai guba. Bambance su yana da muhimmanci, domin haɗuwarsu a tukunya guda ita ce babbar matsalar da za a tattauna a gaba.

2.0 Asali da Hanyar Tacewa

Alminiyam ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, inda ya kai kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa. Oksijin da silikon ne kaɗai suka fi shi yawa. Abin da ya hana mutanen da saninsa shi ne tsananin riƙon da yake yi wa oksijin. Wutar gawayi na iya raba tama da oksijin ta fitar da baƙin ƙarfe, amma ba ta da ƙarfin yin haka ga alminiyam.

Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ne ya fara fitar da ɗan kaɗan daga cikinsa a 1825, Friedrich Wöhler na Jamus ya biyo baya a 1827. Har zuwa 1884 ƙarfen na da tsadar da ta sa aka zaɓe shi domin yin ƙoƙuwar hasumiyar tunawa da George Washington a Amurka. Lamarin ya sauya a 1886, lokacin da Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano yadda ake raba ƙarfen da oksijin ta hanyar wutar lantarki. Jim kaɗan bayan haka Carl Josef Bayer ya samar da hanyar tace farin gari mai suna alumina daga jan dutsen boksait. Waɗannan hanyoyi biyu su ne ake bi har yau.

Kimanin tan 4 zuwa 5 na boksait ke ba da tan 2 na alumina, su kuma su ba da tan 1 na alminiyam. Kowane tan ɗaya yana cin lantarkin da ya kai awon kilowat 13,000 zuwa 15,000. Wannan ne dalilin da ya sa ake kafa masana'antun narkarwa kusa da madatsun ruwa ko rijiyoyin gas. Masana'antar Alucam da ke Edeya a bakin kogin Sanaga na Kamaru ta soma aiki a 1957. Ta Valco da ke Tema a Gana ta soma a 1967, bisa dogaro da lantarkin madatsar Akosombo, kuma ta riƙa shigo da alumina daga waje alhali Gana na haƙo boksait a Awaso. Gini na cikin ƙasashen da suka fi arzikin boksait a duniya, Saudiyya kuma na da babbar masana'anta a Ras al-Khair.

Sake narkar da tsohon alminiyam kuwa kashi 5 cikin ɗari kawai yake ci na makamashin da ake buƙata wajen fitar da sabo. A kan wannan tazara sana'ar 'yan gwangwan da ta maƙeran zubi suka tsaya: tsadar ƙarfen an riga an biya ta a masana'anta, abin da ya rage wa maƙeri shi ne gawayi da basira.

3.0 Siffofin da Suka Shafi Maƙeri

3.1 Rashin nauyi da sauƙin lanƙwasa

Curin alminiyam mai girman lita ɗaya na da nauyin kilo 2.7, na baƙin ƙarfe kusan kilo 7.9, na jan ƙarfe kusan 9, na dalma fiye da 11. Don haka tukunyar biki da za ta yi kilo 30 da baƙin ƙarfe, kilo 10 za ta yi da alminiyam. Sai dai rashin nauyin ya zo da rashin tsayuwa. Idan aka ɗora kaya iri ɗaya a kan sanduna biyu masu kauri ɗaya, ta alminiyam za ta rusuna ninki uku na ta ƙarfe. Maƙerin da ya kwaikwayi awon ƙofar ƙarfe ya yi ta da alminiyam zai samu ƙofa mai rawa. Maganin shi ne ƙara kauri. Faranti na alminiyam da ya fi na ƙarfe kauri da kimanin kashi 44 cikin ɗari zai yi tsayuwa daidai da shi, kuma nauyinsa rabin na ƙarfen ne.

3.2 Narkewa da ɗaukar zafi

Alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe a 1,538. Gawayi da zugazugi, ko fankar da ake juyawa da wilin keke, sun isa su kai 660 ba tare da wahala ba. Kuma tunda baƙin ƙarfe na jure wannan zafi, ana iya narkar da alminiyam a cikin kaskon ƙarfe.

Ƙarfen na yaɗa zafi kusan ninki uku na baƙin ƙarfe, shi ya sa tukunyarsa ke saurin tafasa kuma zafin ke game gindinta. A wajen walda wannan siffa cikas ce, domin zafin na gudu daga inda ake son ya taru. Wani abin lura kuma shi ne alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. Maƙerin baƙi na karanta zafin ƙarfe daga launinsa, alminiyam kuwa yana nan fari har ya zube.

Haka nan yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Sanda mai tsawon mita 6 za ta ƙaru da kimanin milimita 5.5 idan zafi ya tashi da digiri 40. A garuruwa irin su Hartum da Injamena da Makka, inda ƙarfen da rana ta buga ke yin zafi ƙwarai da azahar ya huce da dare, tagar da aka matse ba tare da barin wurin motsi ba takan gantsare ko ta fasa gilashi.

3.3 Fatar kariya

Da zarar iska ta taɓa sabon alminiyam, sai wata siririyar fata ta alumina ta rufe shi. Kaurinta bai wuce 'yan nanomitoci ba, ido ba ya ganinta, amma tana manne da ƙarfen ƙam, kuma idan aka kankare ta takan sake fitowa nan take. Tsatsar baƙin ƙarfe na ɓarewa ta bar ƙofa ga wata tsatsar, wannan kuwa toshe ƙofar take yi.

Kariyar tana da iyaka. Fatar na narkewa a ruwa mai tsananin tsami, tana kuma narkewa a ruwa mai kaifin toka. A girkin Hausawa ana samun duka biyun: tsamiya da yakuwa da zoɓo da tumatir a gefe guda, kanwa da ruwan toka a ɗaya gefen. A wurin gini, ɗanyen siminti na cin alminiyam ya bar masa tabon da ba ya gogewa. Idan kuma ya haɗu da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a wuri mai danshi, sai su zama tamkar batir, alminiyam ne ke cinyewa. Wannan ya fi tsanani a biranen gaɓar teku kamar Tema da Duwala da Jidda, inda iska ke ɗauke da gishiri.

4.0 Gauraye-gaurayen Alminiyam

Tsantsar alminiyam na da laushi, shi ya sa kusan duk wanda ake aiki da shi gauraye ne. Masana'antu sun kasa gaurayen da ake murzawa ko turawa ta mazubi zuwa rukunoni masu lamba huɗu. Rukunin 1000 kusan tsantsa ne, da shi ake wayar lantarki da takardar naɗe abinci. Rukunin 2000 na ɗauke da jan ƙarfe, 3000 manganis, 4000 silikon, 5000 magniziyam, 6000 magniziyam da silikon, 7000 kuma tutiya.

Kowane rukuni da inda ya dace. Jikin gwangwanin lemo daga rukunin 3000 yake, murfinsa daga 5000. Farantin 5052 na lanƙwasuwa ba tare da tsagewa ba kuma yana jure ruwan gishiri. Sandunan taga yawanci 6063 ne, 6061 kuma ya fi shi ƙarfi, ana amfani da shi inda ake ɗaukar nauyi. Rukunonin 2000 da 7000 su ne na jiragen sama, suna da ƙarfi ƙwarai amma yawancinsu ba sa karɓar walda.

Ƙarfin rukunonin 2000 da 6000 da 7000 ya samo asali ne daga abin da Alfred Wilm ya gano a Jamus a 1906: idan aka gasa gaurayen, aka tsoma shi a ruwa, aka bar shi ya kwana biyu, taurinsa na ƙaruwa da kansa. Wannan tauri zafi ne ya kawo shi, zafi kuma na iya tafiya da shi, kamar yadda za a gani a batun walda.

Gaurayen zubi dabam suke, silikon ne jigonsu. Idan silikon ya kai kimanin kashi 12.6 cikin ɗari, gaurayen na narkewa a digiri 577, ya gudana kamar ruwa, ya cika lungunan mazubi, kuma raguwarsa wajen daskarewa kaɗan ce. Fistan da kan injin mota da irin wannan gauraye ake yin su. Wannan ne bayanin abin da masu zubi suka sani ta hanyar gwaji, cewa kayan inji sun fi gwangwani zubuwa.

5.0 Zubin Tukwane

Masaniyar tarihi Emily Lynn Osborn ta Jami'ar Shikago ta nuna a wani nazari da ta wallafa a 2009 cewa zubin tukwanen alminiyam ya kafu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma bazu ta hanyar ƙaura da koyon sana'a. A yau ana yin sa a kasuwar Katako ta Yamai da unguwannin masu sana'a na Kumasi da Ankara da biranen Kamaru, inda ake kiran tukunyar "makokot".

Hanyar aikin ita ce zubin yashi. Ana samun tukunya mai kyau a matsayin samfuri, a tsaga ta biyu idan mai tumbi ce. A sa ta a akwatin katako, a danƙara mata yashi mai haɗe da yumɓu da ɗan danshi ciki da waje. Sai a buɗe akwatin, a zare samfurin, a mayar a rufe. Gurbin da samfurin ya bari shi ne narkakken ƙarfe zai cika ta wata kafa da aka huda a sama. Cikin 'yan mintoci ya daskare, a farfasa yashin, a yanke tsiron kafar, a goge da magagari. Tunda yashi na karɓar kowace siffa, mai saye na iya neman girman da yake so, ko a rubuta sunansa ko na ƙungiya a murfi. Da wannan hanya ake zuba ludayi da kaskon masa da kayan gyaran babur da suka yi wuyar samu.

Yawancin aibobin zubi suna da bayani a kimiyyance. Narkakken alminiyam na shan iskar haidurojin daga danshi, idan ya zo daskarewa sai ya amayar da ita, ta bar ƙananan ramuka da ke sa tukunya yoyo. Yawan zafi da daɗewa a wuta na ƙara wannan. Fatar alumina da ke taruwa a saman narkakken ƙarfe, idan ba a yaɗe ta ba ko aka zuba da gaggawa, takan nutse ciki ta zama layin tsagewa. Kaskon ƙarfe kuma yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin alminiyam, kuma yawan baƙin ƙarfe a gauraye na sa tukunya gautsi. Mafi haɗari shi ne ruwa: jiƙaƙƙen tarkace ko ludayi mai danshi da ya shiga narkakken ƙarfe na mayar da ruwan tururi a take, ƙarfen ya fantsama a jikin ma'aikata.

6.0 Tagogi, Ƙofofi da Walda

Fanni na biyu ba ya buƙatar wuta. Masana'anta na gasa curin 6063 zuwa digiri 450 ko 500, ta tura shi ta wani mazubin ƙarfe, ya fito dogo da siffar da ake so, kamar yadda taliya ke fitowa daga injinta. Ana ƙara wa sandunan kariya ta hanyar kaurara fatarsu da lantarki zuwa maikuromita 5 har 25, ko a fesa musu garin fenti a gasa. Mai shago na sayen su ya yanka bisa awo, ya haɗa kusurwoyi da sukurori ko rabit, ya sa gilashi da roba. Ingancin aikinsa na rataye ne a kan daidaiton awo da kaurin sanda da irin sukurorin da ya zaɓa. Sukurori marasa rufin kariya su ne ke fara jawo lalacewa a wuri mai danshi.

Inda ake buƙatar walda, kamar tankuna da matakala da akwatunan motoci, fatar kariya ce babban cikas. Tana narkewa ne sama da digiri 2,000, ninki uku na ƙarfen da take rufe da shi. Dole a kankare ta da buroshin da ba a taɓa goge baƙin ƙarfe da shi ba, a yi waldar a ƙarƙashin iskar argon domin kada sabuwa ta fito. A waldar tsinken tungistin ana amfani da lantarki mai kai-da-komo, domin rabin zagayensa na farfasa fatar, ɗaya rabin na narkar da ƙarfen. Wayoyin ciko da aka fi sani su ne 4043 mai silikon da 5356 mai magniziyam.

Ko waldar ta yi kyau, gefenta ya yi rauni. Sandar 6061 da aka taurara na rasa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinta a inda zafi ya taɓa. Ƙari a kan haka, alminiyam na gajiya da jijjiga: nauyi kaɗan da ke maimaituwa sau miliyoyi na iya tsaga shi. Saboda haka gwanin maƙeri ba ya sa walda a inda nauyi ya fi taruwa, kuma a abin hawa yakan fifita ƙusa da rabit.

7.0 Dalma a Cikin Tukunya

Sauƙin narkewar alminiyam na nufin duk abin da ke manne da tarkace zai bi shi cikin kasko. Dalma na narkewa a digiri 327, tun kafin alminiyam ya soma narkewa. Tana shigowa ta hanyar sodar lagireto da ta kayan lantarki, da gutsattsarin batir, da ɗaurin daidaita wili, da wasu gauraye irin 2011 da aka sa musu ita da gangan domin sauƙin sassaƙa a inji. Ba ta gauraya da daskararren alminiyam, tana zama ne a matsayin ƙananan ɗigo, kuma tsami da zafi na fito da ita.

A 2014 Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin kayan girki 29 da aka ƙera a Kamaru. Sun iske cewa ko da yake dalmar da ke jikin ƙarfen kaɗan ce, ruwan tsami na iya fitar da har maikurogiram 260 a cin mutum ɗaya. A 2017 suka gwada kayan girki 42 daga ƙasashe goma. Guda 15 sun fitar da maikurogiram ɗaya ko fiye na dalma, wata tukunya daga Biyetnam ta fitar da sama da 1,400, kuma 40 daga cikinsu sun zarce iyakar alminiyam da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Gwajin ya kuma nuna cewa shafa wa tukunya rufin kariya ya rage fitar ƙarafan da fiye da kashi 98 cikin ɗari.

Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu, inda take taɓa ƙwaƙwalwa ta rage fahimta, kuma wannan illa ba ta warkewa. Annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 sanadin ƙurar haƙar zinariya, ta sanar da Hausawa sunan gubar dalma. Ta tukunya ba ta kisa farat ɗaya irin wancan, tana taruwa ne a hankali ba tare da alama ba, shi ya sa ba a cika lura da ita ba.

8.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa kowace siffa ta alminiyam na da fuska biyu. Rashin nauyi ya zo da rashin tsayuwa, fatar da ke hana tsatsa ita ke hana walda, sauƙin narkewar da ya ba talaka tukunya mai araha shi ya ba dalma hanyar shiga. Gyaran na farawa ne daga tantance tarkace. Kayan girki sun cancanci tsabtataccen ƙarfe, irin ragowar sandunan taga da waya da tsofaffin farantai da gwangwani, kayan inji da na lantarki kuma a bar su ga abin da ba ya taɓa abinci, kowanne da kaskonsa. A gida, rage ajiye miya mai tsami ko mai kanwa ta kwana a tukunyar zubi na rage abin da ke shiga ciki. Hukumomin kula da ingancin kaya na iya kai na'urar awon ƙarafa ta hannu kasuwannin maƙera, tare da gwajin ruwan tsami, tunda binciken Kamaru ya nuna cewa ƙarancin dalma a jikin ƙarfe ba ya tabbatar da tsabtar abincin da aka dafa a ciki. A ɓangaren masana harshe kuma akwai aikin daidaita kalmomi, domin faɗakarwa a kan gubar dalma ba za ta isa inda ake so ba muddin mai sauraro na kiran tukunyarsa da wannan suna.